Sojojin Laka a Shekarar Kurkunu

Ba yabon kai ba, amma daga nan Ƙofa har ka dangana da duwatsun Doguwa, babu mahaluƙin da ya ja runduna zuwa fagen fama kamar ni Sule. A wata guda na yi yaƙi ya fi ɗari. Na ƙetare koguna, na hau duwatsu, na ƙwace igwa da tsakar rana, kuma ko ƙwarzane ban yi ba. Abin da ban cika faɗa wa mutane ba shi ne, duk a zaune na yi su, a zauren gidanmu, ƙafata ta hagu a miƙe bisa kifaffen turmi ƙudaje na zagaya ta, kuma mafi girma a cikin sojojina bai kai babban yatsana ba.

Azumin bana ne ya tono mini wannan zance. Ya sake zagayowa cikin bazara, daidai inda ya same mu shekara talatin da 'yan kai da suka wuce. Kullum da la'asar hadari zai haɗu a gabas, ya yi baƙi, ya yi gurnani, sai iska ta zo ta kwashe shi ta yi Tudun Wada da shi. Jiya ina ƙofar gida ina jiran kiran magariba, ga ruwan leda mai ƙanƙara har biyu a gabana suna zufa, ina ta mitar zafi kamar ni aka fara yi wa rana a duniya. Sai na sunkuya zan sosa idon sawuna, hannuna ya faɗa kan tsohon tabon nan. Na bar mitar.

Daminar da ta gabaci waccan shekara ta yi mana ƙwauro. Gero bai cika ido ba, dawa ta tsaya iya ƙugu ta bushe a tsaye. Kafin bazara ta raba, in ka leƙa rumbunmu ka yi sallama, muryarka ce za ta amsa maka. Lokacin muna gandu ɗaya da babban wana, Yaya Haruna, wanda ya riƙe gidan tun rasuwar Baba. Mutum ne dogo, siriri, mai tsadar magana. In ya yi maka kalma goma a yini, to ranar an yi hira.

Tun da kaka Yaya ya ware irin gero tiya shida, ya gauraya da toka, ya zuba a tulu, ya liƙe bakin da laka, ya ajiye a bayan ƙofar ɗakinsa. Yara sun yi kukan yunwa a gaban tulun nan, bai buɗe ba. Mako guda kafin azumi aka yi ruwan farko, mai kyau, gari ya ruɗe, kowa ya ɗauki sungumi. Muka shuka tiya uku. Ta fito kore shar, har muna zagayawa muna kallo kamar an yi mana haihuwa. Daga nan sama ta rufe bakinta. Cikin kwana goma shukar ta nannaɗe, ta yi ja, iska ta share ta kamar ba a taɓa yi ba. Yaya ya sake liƙe tulun a kan tiya ukun da suka rage. Kowa a gidan ya san ma'anarsu. In suka tafi babu shuka, babu kaka, sai dai mu naɗe tabarmi mu nufi birni mu zama 'yan dako.

Ni kuwa, a daidai wannan lokaci ne kurkunu ya zaɓi ya ziyarce ni. 'Ya'yana yanzu ko sunansa ba su sani ba, tunda sun taso sun tarar da famfon burtsatse a bakin masallaci. Mu ruwan tafki muke sha, mu da shanu da kwaɗi. Abin ya fara da zazzaɓi, sai bororo ya taso a idon sawu yana zafi kamar an ɗora garwashi. Da ya fashe, sai ga kan tsutsar nan fari kamar zare. Ba a jan ta da ƙarfi. Kullum da safe matata Asabe za ta jiƙa wurin, ta naɗe abin da ya fito a jikin tsinke, ɗan kaɗan, kamar rabin gaɓar yatsa, ta ɗaure da tsumma. In ta tsinke a ciki, ƙafa za ta kumbura sai wanzami ya zo da ƙarfen sakiya. Na rantse tawa tsutsar da an miƙe ta sai ta kai Kiru ta dawo.

Haka ranakun suke tafiya. A yi sahur da kunun kanwa wanda kana iya hango gindin ƙwarya ta cikinsa. Ana idar da asuba mata su ɗauki tuluna su tafi tafki, tafiyar da ba sa dawowa sai rana ta take, da ruwa kalar kunun da muka sha. Maza su tafi yasar rijiyar unguwa, wadda ruwanta yake ta gudu ƙasa suna bin sa. Asabe ta kama ni ta kai zaure, ta ɗora ƙafar a kan turmi, ta ajiye mini buta. Daga nan sai ni da zafi. Bangon zaure yana huci, ƙadangaru sun buɗe baki, ko kaji sun daina tono. Da yamma a dafa ganyen tafasa ko rama, a barbaɗa garin rogo, in an yi sa'a da ɗan ƙuli-ƙuli, a sha ruwa da shi. Abokan darata duk sun watse, wasu cin rani, wasu suna cikin rijiya. Dara kuwa ba ta yiwuwa da mutum ɗaya. Na gwada, na cinye kaina sau biyu, na ji kunya na bari.

A rana ta uku ta azumi na tuna da Kawu Sajan, ƙanen Innarmu, wanda ya yi soja ya dawo da kunne ɗaya da labari dubu. Muna yara yakan share ƙasa ya zana mana yadda aka yi: nan kogi, nan tudu, nan mu, nan su. Sai na ce wa Asabe ta ɓantaro mini jar ƙasar shuri, ta kuma kankaro mini baƙar lakar da ke maƙale a gindin tulunta. Na tara ruwa a kasko na fara kwaɓi.

Ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu. "Malam, ruwan da na yi rabin yini ina ɗebowa, shi za ka kwaɓa laka da shi?"

"Na alwala ne, Asabe. Ya riga ya yi aikin lada."

"To yanzu kuma sai ya yi na shirme."

Na gina sojoji, Jajaye da Baƙaƙe, na soka wa kowa ƙayar aduwa a kafaɗa a matsayin bindiga. Guntun karan dawa ya zama igwa. Na baza rairayi a tsakar zaure, na ja layi da yatsa na ce kogi ne, na kifa sakaina na ce dutse, na tsittsira guntayen tsintsiya na ce daji.

Dokokina na farko, da a ce an rubuta su, sai jaki ya ɗauka. Kowane soja da sunansa da muƙaminsa da garinsu. Kowa da tsakuwa biyar na harsashi. Akwai dokar gajiya, akwai dokar yunwa, har da wani kofur da na ce yana da ciwon baya ba ya hawa dutse. Na yi kwana uku ana yaƙi ɗaya, ba a ma ƙetare kogi ba. Ga azumi, ga zazzaɓi, sai in yi gyangyaɗi in farka na manta wa zai taka. A kwana na ukun yaƙin akuyar Yaya ta shigo ta yi wa rundunonin biyu kisan da ba a taɓa yin irinsa ba, ta cinye dajin, ta fita.

Na sake gini. Wannan karon na ce babu doka, hankalina ne alƙali. Jajaye suka ci yaƙi goma sha ɗaya a jere. Da farko na ɗauka jarumta ce. Sai na lura duk lokacin da zan motsa Baƙi, hannuna da kansa yake jan sa ya ajiye shi a bakin igwa. Ina son Jajaye, shi ke nan. Mutum da azumi a bakinsa, yana cutar kansa da kansa, kuma yana murna. Yaƙin da ka san ƙarshensa tun ba a fara ba, gara ka ƙirga azarar zaure.

Abin da nake bukata shi ne abokin gaba wanda ba ni ba ne. Na same shi a bakin murhu: ɓawon gyaɗa guda huɗu, ragowar wadda aka ɓare tun bara. In ka watsa su, wasu su faɗi a buɗe, wasu a kife, kuma babu ruwansu da wanda kake so. Sai na zubar da duk tarkacen nan na baya. Kowane ɓangare soja shida da igwa ɗaya. Tafiya taƙi ɗaya ce, wato buɗin hannu daga babban yatsa zuwa na tsakiya, in a kan dutse ne ko cikin kogi, rabi. Na karya tsinke na ce iyakar harbi ke nan. Wanda tsinke ya kai gare shi, a watsa ɓawo, in uku sun buɗe ya faɗi, in yana bayan dutse sai huɗun duka. Ni nake jan Jajaye da dabarata. Baƙaƙe kuwa ɓawo ke ba su umarni: in kifaffu sun fi yawa su tsaya su yi harbi, in buɗaɗɗu sun fi yawa su afka wa wanda ya fi kusa, in biyu da biyu ne su zagaya ta kogi. Duk rundunar da ta rasa mutum uku ta gudu, an tashi.

Wallahi abin ya zauna. Tsakanin azahar da la'asar sai in yi yaƙi uku, har da hutun sosa ƙafa. Na daina kallon inuwa ina jiran ta matsa. Ƙishirwa tana nan, zogin yana nan, amma sun koma bakin ƙofa sun zauna. Yadda yaƙoƙin suke ƙarewa kuwa, a lokacin ban gaya wa kowa ba.

Ana cikin haka, wata Litinin, maƙwabcinmu Baba Iro ya shigo duba ni. Dattijo ne mai sanyin hali, abokin marigayi Baba, da 'ya'ya bakwai da gona ɗaya. Ya yi sallama ban ji ba. Abin da ya tarar shi ne: ga rairayi a baje, ga zane-zane a kai, ga 'yan gumaka ja da baƙi a jere, ga ni na watsa ɓawo ina ƙirgawa ƙasa-ƙasa ina gyaɗa kai. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san mutum ɗaya ne yake zama haka a gaban rairayi, mai bugun ƙasa, wanda ake zuwa wurinsa a duba abin da ke ɓoye. Da na ɗago sai na ga Baba Iro ya tuɓe takalmi, ya tsuguna daga nesa.

"Sannu Baba, ƙaraso mana."

"A'a, nan ma ya isa. Sule, ashe kana taɓawa? Ka ɓoye mana."

Nan take na gane abin da ya ɗauka. Kalma ɗaya ta isa in warware. Amma kun san ni. Kwana goma sha wani abu ina zaune kamar buhun dusa, kowa na wucewa yana cewa sannu, yau ga dattijo ya tuɓe mini takalmi. Sai na haɗe fuska, na shafa gemun da ba ni da shi.

"Ɗan kaɗan dai, Baba."

Ya matso da murya ƙasa. "Me ka gani game da ruwa?"

Na watsa ɓawo, na daɗe ina kallo. "Alhamis," na ce. Da Talata ce ta zo bakina da ita zan faɗa. Niyyata in ya dawo ranar Juma'a mu yi dariya.

Ranar Alhamis da la'asar aka yi yayyafi. Bai fi ya kwantar da ƙura ba, amma an yi, kuma Alhamis ce.

Kashegari zauren da ko kare ba ya leƙowa ya cika. Wannan ya kawo goro, wancan ƙwai biyu. Wata Bafulatana daga rugar bayan gari ta aiko da ƙwaryar nono tana tambayar maraƙinta da ya ɓata. Na ce a duba yamma. Asabe ta karɓi nonon ta juye wa yara, ta ce, "Ni dai yara na ba. Kai ka ji da zunubin."

"Ke ba ki san baiwa ba."

"Na san mai baiwar. Ni nake naɗe masa tsutsa."

Da Baba Iro ya dawo, ba dariya ya zo yi ba. Ya jira kowa ya fita, ya ce saura tiya biyu gare shi, kuma yana tunanin binne. Binne shi ne ka shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, in ruwa mai ƙarfi ya sauka ka riga kowa, gerenka ya nuna da wuri, yunwarka ta gajarta. In kuwa ɗan kaɗan ya sauka, iri ya tsiro, rana ta biyo baya, ka yi asara duka. Ya tambaye ni yaushe babban ruwa zai zo. Zuwa lokacin, ni kaina na fara zargin ko dai akwai wani abu a hannun nan nawa. Ga hadari kullum yana haɗuwa. Na ce, "Juma'a mai zuwa, Baba. Kamar da bakin ƙwarya."

Ranar Talata ya kwashi iyalinsa suka binne tiya biyun nan tas. Sauran mutanen unguwa suka ce su sai sun ga abin da Haruna zai yi, tunda mai duban a gidansa yake.

Ranar Laraba bayan azahar Yaya ya shigo zaure daga wurin rijiya, laka har gwiwa, leɓensa a tsattsage. Maimakon ya wuce ciki kamar kullum, sai ya zauna a dakali. Ya daɗe yana kallon rairayin.

"An ce kana duba."

Gaban kowa zan iya haɗe fuska, ban da shi. "Yaya, wasa ne."

"Wasa."

"Yaƙi ne. Waɗannan Jajaye, waɗannan Baƙaƙe. Wannan dutse ne."

"Sakainar Inna ce."

"E, amma a nan dutse ce."

Ya share zufa da hularsa. "Yi in gani."

Na jera su, ina yi ina bayani, taƙi da tsinke da ɓawo. Na shirya dabara mai kyau, na ɓoye mutum biyu a bayan dutse, na tura igwa bakin kogi. Ɓawo ya faɗi biyu da biyu, Baƙaƙe suka zagayo ta kogi suka ƙwace igwar, suka kwantar mini da mutum uku kafin in gyara zama. Ko tafasar ruwa ba a yi ba an tashi.

Yaya ya ce, "Kullum haka ake yi?"

"Ba kullum ba."

"Sau nawa ka ci?"

"Shekaranjiya na ci ɗaya."

"Cikin nawa?"

Na sosa ƙeya. "Talatin da wani abu."

"Wa yake jan baƙaƙen?"

"Ɓawon gyaɗa."

Bai yi dariya ba. Da ya yi da na fi jin sauƙi. Ya tambaya ko Baba Iro ya san wasa ne, na ce ai ya riga ya binne tun jiya. Ya kalle ni, irin kallon da har yau in na tuna sai in gyara zama. Sannan ya juya yana duban gabas ta ƙofar zaure, inda hadari ya fara tasowa. A nan na ga yadda ya rame, na ga wuyansa duk jijiya. Ashe shi ma kwana yake yana juya maganar tulun nan, ba shi da wanda zai tambaya.

"Bar ɓawon," ya ce. "Kai, a naka ganin, a binne ko a jira?"

Tun da aka haife ni Yaya bai taɓa neman shawarata ba, ko a kan igiyar akuya. Sai na ji ƙirjina ya buɗe. Na ce a binne, Yaya. Na nuna masa hadarin, na ce dubi nauyinsa, ji yadda iska ta sauya, ga tururuwa suna kwashe ƙwai, ga ƙafata ma tana gaya mini. Na yi jawabi mai tsawo. Ya saurara har ƙarshe, ya miƙe, ya kakkaɓe riga.

"To," ya ce. Ya shiga gida. Bai taɓa tulun ba, ranar ko kashegari.

Ranar Juma'a aka yi ruwa. Na ji ƙamshin ƙasa na kusa tashi in yi rawa da ƙafa ɗaya. Amma kafin mata su gama jera ƙorai a bakin indararo ya ɗauke. Yaya ya fita ya soka yatsa a ƙasa, laima ba ta wuce gaɓa ɗaya ba. Duk da haka mutane suka zo yi mini barka, matan gidanmu suna ƙunƙuni cewa Yaya ya yi taurin kai ga maƙwabci ya riga mu. Cikin kwana uku gonar Baba Iro ta yi kore.

Sai rana ta fito. Kwana goma sha uku, goman ƙarshe na azumi duka da ɗoriya, babu ko gizagizai. Irin zafin da in ka ɗaga buta sai ta ƙona ka. Aka fita roƙon ruwa, maza da mata da tsofaffi, riguna a juye, ina zaure ina jiyo su har muryoyin suka dushe. Zaurena ya koma yadda yake, babu goro, babu ƙwai. Kullum Asabe in ta dawo daga tafki ta gefen gonar Baba Iro take biyowa. Ban tambaye ta ba, sai rana ta tara ta sauke tulu ta ce, "Ta ƙone." Na jera sojojin na kasa watsa ɓawo. Na zauna ina kallon azara.

Ana jibi Sallah Baba Iro ya shigo. Na so a ce zagi ya zo da shi. Ya tuɓe takalmi kamar wancan karon, ya tambayi ƙafa, ya ce, "Kada ka damu, Sule. Ka ga naka, Allah ya yi nasa."

Na ce, "Baba, ban ga komai ba. Ban taɓa gani ba. Wasa nake yi." Na gaya masa duka, tun daga akuya har zuwa Alhamis. Ya miƙa hannu, karo na farko, ya ɗauki Ja guda ɗaya ya juya shi a tafinsa, ya taɓa ƙayar.

"Wannan bindiga ce?"

"Bindiga ce, Baba."

"Ashe soja ne. Ni na ɗauka aljanu ne." Ya mayar da shi daidai inda ya ɗauke shi, a hankali, kada ya ɓata mini jeri. Ya sa takalminsa ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Ban taɓa jin nauyin wata addu'a kamar wannan ba.

Kwana biyu bayan Sallah, da azahar, ruwan gaske ya sauka. Ya yi ta zuba har la'asar ta wuce, indararo na ambaliya, kwaɗin da muka ɗauka sun mutu suka fito suna ihu. Ruwa ya shigo zaure ya narkar da rundunonin biyu, ja da baƙi suka haɗe suka bi ta ƙofa. Ban tare su ba.

Da sassafe Yaya ya fito da tulun tsakar gida, ya fasa lakar da ƙotar fartanya. Ya auna tiya ɗaya cif, ya juye a ƙwarya, ya miƙo mini. Tsutsar ta fita kwana uku kafin nan, amma ramin bai rufe ba, da sanda nake dogarawa.

"Kai wa Baba Iro."

"Yaya, a aiki wani mana, ƙafar..."

"Kai ka kai."

Tsakanin gidanmu da nasa taku arba'in ne. Na yi tafiyar Doguwa a ƙasa ban gaji haka ba.

Tiya biyu ba za su rufe gonakinmu ba, don haka gonar tudu ta kwana a banza shekarar, ciyawa ta ci ta. Abin da muka girbe ya kai mu bazara da ƙyar, da awo, da ganye. Amma mun girba, Baba Iro ma ya girba, kuma babu wanda ya naɗe tabarma. Yanzu rediyo ke faɗin ranar ruwa, matasa suna dubawa a waya, iri kuma a leda ake sayo shi. Wani lokacin su dace, wani lokacin su yi irin tawa.

Ranar shukar, gayya aka yi, gidanmu da na Baba Iro, aka fara da tasa aka dawo tamu. Maza a gaba da sungumi suna sara, mu a baya muna jefa iri muna rufewa da diddige, ni da diddige ɗaya. Ƙasa ta yi laushi, rana ta yi sanyi, har wani ya fara waƙa. Da aka zauna hutu a gindin ɗorawa sai na ji bakina ya dawo. Na matsa kusa da Yaya, yadda kowa zai ji, na ce, "Amma dai Yaya, ko ba komai, a duk gidan nan ni kaɗai ka nemi shawarata."

Yana kankare laka daga bakin sunguminsa, bai ko ɗago ba.

"Ta yi amfani kuwa," ya ce. "Ina ta shakka, da ka ce a binne sai hankalina ya kwanta na jira. Baɗi ma zan tambaye ka."